Shugaba a Cikin Amalanke

A shagon kofi na Kinuyo, can ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Osaka, babu mai kiran Hasebe da sunansa. Sensei ake ce masa, laƙabin da ake ba malami ko likita. Bai taɓa koyar da ɗan kowa ba, bai taɓa duba mara lafiya ba. Rayuwarsa kaf a kamfanin ƙera kusoshi ya yi ta, yana cewa "to" har ranar da aka sallame shi da agogon bango. Sarautar tasa a kan abu ɗaya ya same ta, wani tsohon wasan talabijin, irin wanda ake bugawa da inji, mai suna Hasumiyar Gishiri.

Shagon na masu furfura ne da ba su yarda sun girma ba. Kinuyo, wadda kowa ke kira Mama, ta gaji tsofaffin injinan wasa daga mijinta, ta jera su kusa da kofuna, ta ajiye talabijin mai ƙaton ƙeya a tsakiyar ɗaki. Duk Lahadi da rana sai su taru, su ci shinkafa da miyar kori, su saurari Sensei. Ba wai karatun ke burge su ba. Kujerar da ke kusa da fanka tasa ce, mai son iska kuwa dole ya sha bayani.

"Ku yaran yanzu ba ku san komai ba," haka yake farawa, yana duban mutanen da ƙaraminsu ya haura hamsin. "A kashi na farko na wasan nan jarumi ɗaya ne tal, shi kaɗai a daji kamar maraya. In za ka kashe inji, sai wasan ya ba ka wasu haruffa masu tsawon layin dogo ka kwafe. Ka kuskure ɗaya, wahalar wata guda ta tafi. A na biyu aka ba shi abokai. A na uku, wato wannan, aka dasa ɗan batir a cikin kaset ɗin, ya riƙe maka inda ka tsaya. Ranar da ya fito, layi ya zagaye unguwar nan har bakin kogi. Yara sun gudo daga makaranta, iyayensu sun gudo daga ofis, suka haɗu a layi ɗaya, kowa ya yi kamar bai ga kowa ba."

Daga nan sai ya kurɓi kofi, ya gangaro kan faɗa.

"Faɗan mutunci ne, ba irin na yanzu ba da kowa ke tsalle kamar an watsa masa ruwan zafi. Mutum huɗu gare ka. Ka ba kowa umarninsa: kai sara, kai tsafi, kai kare kanka, kai buɗe jaka. Ka gama, ka naɗe hannu. Sai wasan ya bi ku ɗaya bayan ɗaya, har da dodon, mai zafin nama ya riga mai nauyin jiki. Dodo ya tsaya ka sare shi, kai ma ka tsaya ya sare ka. Na gaban sahu shi ke shan duka, na baya sai abin da ya fallatso. Wanda jininsa ya ƙare ya daskare ya zama kantun gishiri, a ɗora shi a amalanke a ja."

"Wato ofis," in ji Tsuruoka daga can gefe. "Kowa ya jira layinsa a ci masa mutunci."

Tsuruoka abokin aikin Hasebe ne tun suna samari, teburinsu na kallon juna. Irin abokin nan ne da in ka faɗi a kan titi zai ɗaga ka, amma sai ya gama dariya.

A bangon shagon akwai ƙananan allunan katako a rataye, kowanne da suna da baƙin tawada. Duk wanda ya kashe Sarkin Gishiri, dodon ƙarshe, a gaban jama'a, Mama ta rubuta sunansa ta rataye. Amma da sharaɗi. A ƙarshen wasan wani sanƙira ke fitowa ya shelanta sunan wanda ya rage a tsaye, sannan wasan ya rufe tafiyar da wannan suna, ba a komawa baya. Sunan da sanƙira ya kira shi ke hawa bango. Hasebe ne ya fi kowa tsare wannan doka. Akwai wani likitan haƙori da ya yi nasara, amma jaruminsa ya faɗi a sara na ƙarshe, ya rage saura ɗan rakiyar da ya laƙaba wa sunan kyanwarsa. Likita ya roƙa, Hasebe ya ce wasan nan ba ya yabon gawa. Har yau akwai allo a bangon mai ɗauke da sunan kyanwa, likitan kuma yana zuwa duk Lahadi ya zauna ƙarƙashinsa yana tauna shinkafa a hankali.

Tsuruoka na da allo. Mai gyaran keke na da allo. Kyanwa na da allo. Sensei ne kaɗai ba shi da shi.

Ba wai bai kai ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan da ya hau hasumiyar har ƙoli, ƙofa ta rufe a bayansa, ya tsaya a bakin ɗakin Sarkin Gishiri, ya ajiye tafiyarsa a nan, ya kashe inji. Bai sake shiga ba. In an tambaye shi sai ya ce shiri yake yi. Kuma a jakarsa akwai Raɓar Wata.

Wanda bai buga wasan ba ba zai gane ba. A kowane gari na cikin wasan akwai ɗakin ibada da ake tayar da wanda ya zama gishiri, amma a hasumiya babu. A can abu ɗaya ke tayar da matacce, wata 'yar kwalba da ake samu sau ɗaya a duk tsawon wasan, ta mutum ɗaya ce kuma. Rabin mutanen ƙasar nan sun gama wasan kwalbarsu na jaka ba su taɓa ta ba, saboda kullum gani suke akwai ranar da ta fi yau tsanani. Hasebe shi ya san ranar tasa. In ya faɗi a gaban Sarki, a ɗiga masa, ya miƙe, sanƙira ya same shi a tsaye. Kwalbar nan ita ce allonsa.

Wata Lahadi cikin damina Tsuruoka ya shigo yana kakkaɓe laima, ya ce, "Sensei, ka ji labari? Batiran shekarar nan sun fara mutuwa. Nawa ya tafi. Na kunna, wasan ya ce bai san ni ba, kamar tsohuwar budurwa."

"Sai a sauya batir," in ji mai gyaran keke.

"Ka cire shi, tafiyar ta goge. Ko ba haka ba, Sensei?"

Haka ne, Hasebe ya fi kowa sani.

Mama ta ce, "To Lahadi mai zuwa ka kawo shi. Zan ajiye allo, zan niƙa tawada." Ta faɗa da murmushi, amma irin murmushin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Hasebe ya yi mako yana zagaye kaset ɗin a gida kamar mai jinyar tsoho. Ya naɗe shi a tawul, ya hana a yi shara kusa da shi. Matarsa Tokiko ta tsaya da kwandon wanki tana kallonsa.

"Baban yara, wannan ne wanda ka sa sunana a ciki?"

"Ke ce mai magani. Matsayi ne babba."

"Wato ko a can ni ke bin ku da tsumma. Sauran su wane ne?"

"Ni ne mai takobi. Tsuruoka mai garkuwa, don ya sha duka."

"Na huɗun fa?"

Hasebe ya gyara tawul.

"Har yanzu mutumin nan yana cikin amalanke?" in ji ta. "Kai da za ka nuna wa jama'a?"

"Duk shagon babu wanda ya san shi sai Tsuruoka. Shi kuwa ya fi ni tsanarsa."

"To," in ji Tokiko, ta wuce da wankinta.

Mutumin da ke cikin amalanke Onodera ne, shugaban sashensu na da. Hasebe ya ɗauki jakar Onodera tun gashinsa na baƙi. Ya riƙe masa laima shi yana jiƙewa, ya zuba masa giya, ya yi dariyar labarin da ya ji sau ba adadi. Duk aikin da Hasebe ya rubuta, Onodera ne ke zuwa a ƙarshe ya danna jan hatiminsa, ya hau da shi sama ya karɓo yabo. Don haka ranar da Hasebe ya kawo kaset gida, wasan ya tambaye shi sunan ɗan dako, wato na huɗun da ba ya iya komai sai ɗaukar kaya da fakewa a bayansu, bai yi dogon tunani ba. A kogon farko wani ɓera ya ciji ɗan dako, ya zama gishiri. Hasebe ya wuce ɗakin ibada na kowane gari da shi a amalanke, bai taɓa tsayawa ba. Da rana ya rusuna wa Onodera, in ya dawo gida ya ja shi a kan duwatsu. Abin da ya riƙe shi a wurin aiki ke nan bai haukace ba.

Ranar Lahadi shagon ya cika. An matsar da tebura, an sa wa Sensei matashi a gaban talabijin. Tokiko ma ta zo, ta zauna kusa da ƙofa da saƙarta. Mama ta ajiye sabon allo fari a kan kanta, tawada da buroshi a gefe. Hasebe ya warware tawul, ya hura ƙasan kaset ɗin, ya cusa shi a inji da hannu biyu. Ya danna. Talabijin ya yi tari, ya yi dishi-dishi, sai kiɗan nan na da ya tashi. Tafiyar na nan. Jama'a suka tafa.

"Ina Tsuruoka?" in ji Mama.

Ƙararrawar ƙofa ta amsa mata. Tsuruoka ya shigo da baya-baya, kafaɗarsa jiƙe, yana riƙe wa wani laima. Wani tsoho ne ƙanƙani, ya haura tamanin da nisa, cikin kwat mai ruwan toka da ta yi masa yawa, da sanda a hannu ɗaya, baƙar jaka a ɗayan.

Hasebe bai san lokacin da ya miƙe ba. Bayansa ya lanƙwashe da kansa, hannunsa ya tafi ya karɓi jakar, shi yana kallo.

"Shugaba. An daɗe ba a gana ba. Ina fata ana lafiya."

"Ana lallaɓawa," in ji Onodera. "Yarona Tsuruoka-kun ya ce yaran sashena na da wani taro, kuma wai har da ni a ciki. Na ce to bai kamata in ƙi ba."

"Na ga babbar rana ce," in ji Tsuruoka, fuskarsa kamar ta jariri. "Na ce ai ba za a yi babu Shugaba ba."

Aka ba Onodera kujerar fanka. Aka kawo masa shayi. Ya ciro tabarau ya goge, ya ɗora a hanci, ya duƙo yana duban talabijin. Sunaye huɗu na jere a sama. A ƙasa mutum uku na tsaye a bakin wata baƙar ƙofa, na ukunsu na jan amalanke.

"Wancan sunana ne."

"Shi ne, Shugaba."

"Ina nake?"

Hasebe ya nuna da tafin hannu, ba da yatsa ba.

"A amalanke?"

"Motar ofis ce, Shugaba. Ta zamanin."

"Me ya sa na yi fari haka?"

"Hutawa kake yi," in ji Tsuruoka. "Tun shekarar da aka yi maka ƙarin girma."

Da an bar maganar a nan, da wataƙila ta wuce. Amma likitan haƙori ya ajiye cokalinsa, ya goge baki, ya ce cikin ladabi, "Matacce ne, ranka ya daɗe. A wasan nan in mutum ya mutu haka yake komawa. Sensei ne ya koya mana."

Jirgin ƙasa ya wuce ta sama, kofuna suka yi rawa, ya tafi. Onodera ya cire tabarau, ya sake gogewa.

"A shekaruna mutum ba ya son ganin sunansa kusa da wannan kalmar," in ji shi a hankali. "Jiya ma aka kai wani ɗan ajinmu. Babu magani ne?"

"Akwai ɗaya," in ji likita. "Yana jakar Sensei. Na mutum ɗaya ne."

"A'a, a'a," in ji Onodera, yana kaɗa hannu. "In ɗaya ne ku bar shi. Ku matasa ku ke da buƙata. Kada ka damu da ni."

To, a ƙasar nan babu umarnin da ya kai "kada ka damu da ni" nauyi. Hasebe ya zauna a kan matashi, madannin wasa a hannu. Ya dubi allon da ke kan kanta. Ya dubi Tokiko, ita kuwa ƙirga ɗinkinta take. Ya gaya wa kansa cewa ya bar kamfani, kamfanin ma an sayar da shi, tsohon nan ba ya iya rage masa ko ƙwayar shinkafa. Yana cikin gaya wa kansa haka, babban yatsansa ya buɗe jaka, ya gangara, ya tsaya a kan Raɓar Wata. Wasan ya tambaya: wa za a ba?

Wani a baya ya ja numfashi. Mai gyaran keke ya rufe ido. Akwai mutane a ɗakin da tun da suke ba su taɓa ganin an buɗe kwalbar nan ba.

Wani ɗan kiɗa ya tashi, gajere, bai kai atishawa ba. Kantun gishiri ya narke, wani ɗan guntun mutum mai kaya a baya ya diro daga amalanke, riƙe da sandar dako.

"Shi ke nan?" in ji mai gyaran keke. "Abin da muka yi ta ɓoyo ke nan?"

"Na ji sauƙi," in ji Onodera, ya kurɓi shayi. "Amma na ga ni ne a ƙarshe."

Hasebe ya hango dama. Ɗan dakon bai taɓa yin faɗa ba tun ɓeran nan, jininsa bai kai na sauro ba. In aka sa shi gaba, sara ɗaya ya koma amalanke, kuma ba laifin kowa ba ne.

"A mayar da Shugaba gaba," in ji shi da sauri. "Girmansa ne."

"A'a," in ji Onodera. "Babba can ƙurya yake zama, nesa da ƙofa. Ka manta ne? Bar ni a nan."

Suka shiga. Sarkin Gishiri ya cika talabijin, fari fat, da hannuwa kamar rassan bishiya. Wasan ya tsaya yana jiran umarni. Hasebe ya ba kansa sara, ya ba Tsuruoka kare kai, ya ba Tokiko tsafin tauri. Ya zo kan na huɗu. Abu biyu ɗan dako ya iya: ya kai duka, ko ya fake a bayan kaya, inda ko guguwa ba ta samunsa. In ya fito dukan, a buɗe yake. Hasebe ya kai yatsa kan duka.

Onodera ya yi gyaran murya. "Me ka ce in yi?"

"Cewa na yi Shugaba ya duba mana aiki daga baya."

Ya danna fakewa. Haka ya yi ta dannawa a kowane zagaye.

A nan dole a faɗi gaskiya, mutumin ya iya wasan. Shekarun da ya yi yana kallon wasu suna shiga ɗakin nan ba su tafi a banza ba. Ya san in Sarki ya ɗaga hannun hagu guguwa ce ke tafe, kowa ya kare kansa. Ya san in ya ja numfashi, zagaye biyu ne na sara kyauta. Ya san Tokiko ta fi Sarki zafin nama, don haka yakan ba ta umarnin magani tun kafin a ji ciwon, maganin ya iso daidai. Shinkafa ta huce a faranti. Har likitan haƙori ya manta da kansa ya ce, "Kai, wannan sara."

"Ni fa kullum kare kai?" in ji Tsuruoka. "Ka bar ni in yi duka ko sau ɗaya."

"Aikinka shan duka. Yi shiru ka sha."

Sarki ya sauya kama, ya yi ja, ya fara duka biyu a zagaye ɗaya. Nan Tsuruoka ya daskare. Hasebe bai ɓoye jin daɗinsa ba, amma yanzu shi ne a gaba. Tsafin Tokiko ya yi ta raguwa har ya ƙare, ta koma jifa da 'yar wuƙarta. Guguwa ta zo ta ɗauke ta.

"Na huta," in ji Tokiko daga bakin ƙofa, ba ta ɗaga kai ba.

Saura mai takobi, da tulin kaya a bayansa. Sarki ya fara tangaɗi, hotonsa na ƙyaftawa, alamar da kowa a ɗakin ya sani: saura ƙiris. Hasebe ya sara. Sarki bai faɗi ba, ya rama, jinin Hasebe ya ragu har lambarsa ta koma ja. Wasan ya tsaya yana jiran umarni.

Sara ɗaya ya rage, kowa ya gani. Amma sulken da Hasebe ya saka shi ne mafi nauyi a duk wasan, shi da kansa ya sha yin bayanin yadda yake rage zafin nama. Sarki zai riga shi. Da akwai kwalba ta biyu a jaka, da sai ya faɗi, ɗan dako ya ɗiga masa, ya tashi da cikakken jini. Ya daɗe yana kallon talabijin. Ya danna sara, ya danna fakewa, ya naɗe hannu kamar yadda yake koyarwa.

Sarki ya ɗaga hannu. Mai takobi ya yi fari.

Yatsan Hasebe ya miƙa wajen maɓallin da ke kashe inji. In ya kashe yanzu, tafiyar za ta koma bakin ƙofa, kwalba a jaka, Shugaba a amalanke.

"Sensei," in ji Tsuruoka, "wa ke cewa mai kashe inji a tsakiyar faɗa bai cancanci kofi a shagon nan ba?"

Yatsan ya dawo.

"Saura ni ke nan?" in ji Onodera. "Kullum haka ne. Kawo nan."

Hasebe ya miƙa masa madannin da hannu biyu. Tsohon ya juya shi sama da ƙasa, ya tambayi inda ake dannawa. Aka nuna masa. Ya gyara hannun riga, ya saita babban yatsa, ya danna a hankali da ɗan murzawa, daidai yadda yake danna hatimi.

Ɗan dako ya leƙo daga bayan kaya. Sarki ya kai masa duka, ya wuce ta saman kansa, don wasan kan bar dodo ya kuskure jefi-jefi, abin da bai yi wa Hasebe ba ko sau ɗaya ranar. Ɗan dako ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa. Lamba ta fito: ɗaya.

Sarkin Gishiri ya tsage daga sama har ƙasa, ya zube.

Kiɗa ya tashi. Hasumiya ta rushe, teku ya dawo da ɗanɗanonsa, mutanen gari suka fito da tutoci. Ɗan guntun mutum ya shigo fada yana jan amalanke da kantu uku a ciki. Sanƙira ya fito ya busa ƙaho, rubutu ya hau talabijin da manyan baƙaƙe: Onodera ya ceci duniya.

Jama'a suka tafa, don me za su yi? Onodera ya ɗan sunkuyar da kai dama da hagu.

"Ba ni kaɗai ba ne," in ji shi. "Yarana ma sun taɓuka."

Mama ta tsoma buroshi a tawada, ta tsaya, ta dubi Hasebe. Mace ce mai tausayi, da ya buɗe baki da ta rubuta nasa. Likitan haƙori ma ya dube shi, ya ɗaga ido ya dubi allon kyanwarsa, ya sake dubansa.

"Doka ce," in ji Hasebe. Muryar kamar ta fito daga ƙasan rijiya.

Ta rubuta. Da yake Shugaba ba ya iya hawa tsani, Hasebe ne ya hau ya rataye, Onodera na ƙasa yana nuni da sanda. "Ya karkace. Hagu kaɗan. Ka cika gaggawa, tun da can."

Ruwa bai ɗauke ba. Hasebe ya raka shi bakin titi, jaka a hannun hagu, laima a dama, rabin jikinsa a waje. Tasi ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Onodera ya zauna, ya karɓi jakarsa, ya dafa hannun Hasebe.

"Na ji daɗin yau. Ka ci gaba da ƙoƙari, Hasegawa-kun."

Hasebe ya rusuna, bai gyara masa sunan ba. Bai ɗago ba sai da motar ta sha kwana.

Da ya koma ciki, Tsuruoka na zaune a kujerar fanka yana cin shinkafar da aka zuba wa Sensei.

"Batirin naka da gaske ya mutu?" in ji Hasebe.

"Ban duba ba. Ban ma san inda kaset ɗin yake ba."

Tokiko ta naɗe saƙarta, ta zare kaset daga inji, ta jefa a jakar cefane tare da kabeji.

Har yanzu ana ce masa Sensei, sai dai kujerar fanka ta zama ta Shugaba, wanda ke zuwa duk Lahadi ya ba da labarin yadda ake kashe Sarkin Gishiri. A cewarsa sirrin haƙuri ne da sanin lokacin fitowa. Hasebe kan kunna kaset ɗin a gida lokaci-lokaci, ko batir ya cika ya goge komai. Kiɗa ya tashi, sunan ya fito tar. Batirin nan ƙalau yake, kamar mai sunan.